Tambaya da Amsa: Makarin Tunkuɗowar Wuta da Iyakar Abin da Yake Iya Karewa

Akasarin wasiƙun da suka iso wannan fili daga Zariya da kewayenta a 'yan kwanakin nan sun ta'allaƙa ne a kan ƙonewar kayan wuta, kuma hakan ya zo daidai da lokacin da hadarin farkon damina ya fara haɗuwa da iska da tsawa. Na zaɓi guda huɗu daga cikinsu, na kuma tsawaita a kan ta farko, domin amsarta ce ginshiƙin sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi ekstenshan mai rami shida a kasuwa, mai shagon ya tabbatar mini cewa yana da kariya daga ƙarfin wuta, har ma an rubuta haka a kwalinsa. Talabijin da dikoda da cajar waya duk a kansa suke. Wani dare aka kawo wuta, sai ƙwayayen ɗaki suka yi haske fiye da kima, fanka ta riƙa gudu da ƙarfi, kuma kafin yara su kai ga kashe kaya muka ji ƙara, hayaƙi ya tashi daga ekstenshan ɗin, talabijin ma ta mutu. Maƙwabtanmu kuwa a wannan daren ƙwayayensu dusashewa suka yi, suka koma ja. Shin jabu aka sayar mini, ko kuwa dama maganar kariyar ba gaskiya ba ce? Daga wata uwargida a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da mafi alheri, kuma mun gode masa da abin ya tsaya a kan kaya bai kai ga gobara ba. Bayanin da kika yi ya wadatar ƙwarai, musamman abin da kika lura da shi a gidan maƙwabta, domin shi ne ya nuna mini cewa abin da ya same ku a wannan dare daban yake da abin da aka ƙera wannan na'ura ta kare. Kafin in kai ga haka, ya kamata in fara da yadda na'urar take aiki.

Wutar da ke shigowa gidajenmu a Najeriya bisa ƙa'ida bolt 230 ce, tana kaiwa da komowa sau 50 a kowane sakan, kuma a ƙololuwar kowace kaɗawa tana taɓa kimanin bolt 325. A kan wannan lissafi aka ƙera kayan da muke saye. To, wani lokaci ƙarfin wutar yakan yi wani irin tsalle na farat ɗaya, ya kai bolt 1,000 ko 2,000, a wasu lokutan ma har 6,000 a cikin wayoyin gida, sannan ya sauko nan take. Wannan shi ne tunkuɗowar wuta, kuma gajartar lokacinta ta wuce abin da ido zai gani. Idan aka raba sakan ɗaya gida miliyan, kowane kaso shi ake kira maikurosakan, kuma tunkuɗowar da injiniyoyi suke gwada waɗannan na'urori da ita tana kaiwa ƙololuwa cikin maikurosakan 8, ta sauko zuwa rabin ƙarfinta cikin maikurosakan 20. Ƙwan lantarki ba ya ko samun zarafin ƙara haske, fanka ba ta sauya gudu, amma ƙananan sassan da ke cikin talabijin da kwamfuta da caja, waɗanda wasunsu da bolt 5 ko ƙasa da haka suke aiki, suna iya lalacewa a wannan ɗan taƙin.

Mafi tsananin tunkuɗowa daga tsawa take zuwa, kuma ba lallai ne ta faɗa a kan wayar wuta ba, domin ko kusa da layin ta sauka tana cusa masa ƙarfin da zai bi wayoyi har cikin gidaje. Amma wadda ta fi yawan aukuwa ita ce ta yau da kullum, wadda ake samu lokacin da ake buɗe layuka da rufe su a tashoshin rarraba wuta, ko lokacin da manyan injuna suke tashi da tsayawa a unguwa, irin su injin niƙa, injin walda da famfon rijiyar burtsatse, ko kuma lokacin da aka juya canjoba daga janareto zuwa wutar gari. Waɗannan ƙanana ne, sai dai suna cin kaya a hankali, har wata rana abu ya mutu ba a san dalili ba.

Abin da 'yan kasuwa suke kira saj furotekta, wato makarin wannan tunkuɗowa, zuciyarsa wani ɗan faifai ne da ake kira MOV. Idan mai gyara ya kwance ekstenshan mai kariya ta gaskiya, za ki ga faifan a kusa da inda waya ta shigo, galibi shuɗi ne mai sheƙi, yana tsaye a kan ƙafafu biyu na waya, faɗinsa milimita 14 ko 20. An yi shi ne da garin sinadarin zinki oksaid da aka cakuɗa da wasu sinadarai kaɗan aka gasa, kuma kamfanin Matsushita na Japan ne ya fito da wannan fasaha a ƙarshen shekarun 1960. Halinsa shi ne, muddin wuta tana kan ƙa'ida, ba ya barin komai ya bi ta cikinsa, yana nan kamar babu shi. Da zarar ƙarfin ya haura iyakar da aka yi masa, sai ya buɗe hanya cikin lokacin da bai kai maikurosakan ɗaya ba, ya janye rarar ya mayar da ita ta wayar nutural, wadda wuta take komawa ta cikinta, ko ta wayar ƙasa da ake kira atin, ya kuma shanye wani kaso ya mayar da shi zafi, sannan ya sake rufewa idan abin ya wuce. Misalinsa kamar rariyar da aka huda a katangar tsakar gida ce, aka ɗaga ta kaɗan daga ƙasa: ruwan wanke-wanke ba ya kai mata, amma ranar da aka tafka ruwan sama, ta nan ambaliyar za ta fice maimakon ta shiga ɗakuna.

Faifan da aka fi sa wa kayan ƙasashe masu bolt 230 an yi shi ne ya jure har bolt 275 ba tare da ya motsa ba. Yana fara buɗewa idan ƙololuwar wuta ta kai wajen bolt 430, kuma yana danne tunkuɗowa ya tsayar da ita a wajen bolt 700 ko sama kaɗan. Mai karatu zai iya cewa ai bolt 700 ma ya isa ya ƙona talabijin. Amsar ita ce, ƙa'idojin IEC, hukumar duniya mai tsara mizanin kayan lantarki, sun tanadi cewa kayan da ake jonawa a soket su iya jure bugun ɗan lokaci na bolt 1,500 zuwa 2,500 gwargwadon rukuninsu, saboda haka aikin makari shi ne ya sauko da bolt 6,000 zuwa ƙasa da wannan iyaka. Faifai mai milimita 14 yana iya ɗaukar bugu guda na amfiya 4,500 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya), wanda adadi ne mai girma, amma jimillar makamashin da yake iya shanyewa a lokaci ɗaya kimanin jul 100 ne kawai, wato kwatankwacin abin da tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yake ci cikin sakan biyu. Ƙarfinsa duka a kan gajartar bugun ya dogara.

Yanzu mu dawo gidanki. Taransifomar unguwa tana karɓar bolt 11,000 ko 33,000, ta sauko da shi, ta fitar da wayoyi huɗu a kan falwaya: uku masu wuta, waɗanda masu wayarin suke kira fes, da ɗaya nutural. Tsakanin kowace fes da nutural akwai bolt 230, amma tsakanin fes biyu akwai bolt 400 zuwa 415. Idan nutural ta tsinke, ko mahaɗarta ta yi sako-sako ta ƙone, ko ɓarayin waya suka yanke ta a gindin taransifoma, sai gidajen da ke kan fes daban-daban su wayi gari suna raba wannan bolt 400 a tsakaninsu, kuma rabon ba ya zuwa daidai. Gidan da ya kunna kaya masu cin wuta da yawa shi yake samun kaso kaɗan, ƙwayayensa su dusashe su yi ja, gidan da kayansa ba su da nauyi kuwa shi yake kwasar kaso mai yawa, ƙwayayensa su yi haske fiye da kima, fanka ta yi ta gudu. Wannan shi ne abin da kika kwatanta dalla-dalla. Irin wannan hauhawa tana iya ɗaukar mintuna ko sa'o'i, alhali an yi faifan MOV ne domin maikurosakan. Sai ya buɗe hanya ya kasa rufewa, ya yi ta zafi har ya tsage ya ƙone. Ita kuma talabijin, babbar kafasitar da ke ɓangaren shigar wutarta, wato abin da yake tara wuta a ciki, galibi bolt 400 ko 450 take jurewa, ga shi ƙololuwar wuta mai bolt 400 tana kaiwa wajen 565, don haka ba ta da mafita.

Game da ko jabu ne, hayaƙin da ya tashi daga ekstenshan ɗin yana nuna cewa mai yiwuwa akwai faifan a ciki, kuma shi ne ya ƙone. Ki sa mai gyara ya kwance shi a gabanki. Idan kin ga faifai da ya yi baƙi ya tsage, da toka a jikin robar da ke kusa da shi, to kariyar tana nan, an dai ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Duk da haka ina ganin laifin wanda ya ƙera shi, domin makari mai inganci yana da ɗan fis mai jin zafi a manne da faifan, wanda yake yanke shi kafin ya kama wuta. Idan kuwa babu komai a ciki sai makunni da 'yar fitila ja da siraran wayoyi, to an cuce ki, kuma irin wannan kaya suna da yawa a kasuwa.

Maganin abin da ya same ku wata na'ura ce daban, mai auna ƙarfin wuta a kowane lokaci, wadda take yanke gidan gaba ɗaya idan ƙarfin ya haura ko ya faɗi ƙasa da iyakar da aka saita mata, ta kuma jira ɗan lokaci kafin ta mayar. Ana ɗaura ta a akwatin rarraba wutar gida bayan mita, kuma shawarata ita ce a saita iyakarta ta sama a wajen bolt 250 zuwa 260. Ki kuma koya wa yaran gida cewa duk ranar da suka ga ƙwayaye sun yi haske irin wannan, babban makunnin gidan za su nufa kai tsaye, kada su tsaya bin kaya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ku da maƙwabta ku kai rahoto a rubuce ga kamfanin rarraba wuta, domin nutural da ta lalace sau ɗaya za ta sake yin ɓarna idan ba a gyara ta da kyau ba, kuma idan ba a saurare ku ba kuna da damar kai koke ga hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon buga takardu a Samaru, da kwamfuta huɗu da firinta da injin fotokofi. Ina so in sayi makari mai kyau, amma lambobin da ke jikin kwalayen sun rikita ni. Mai wayarin kuma ya ce ginin da nake haya ba shi da atin. Shin makarin zai yi aiki a haka? Daga wani matashi a Samaru.

AMSA: Ɗan'uwa, tambayarka ta biyu ta fi ta farko muhimmanci, saboda haka da ita zan fara. Makari mai kyau yana tsare hanyoyi uku: tsakanin waya mai wuta da nutural, tsakanin waya mai wuta da ta ƙasa, da tsakanin nutural da ta ƙasa. Idan ramin soket na uku, wato na sama wanda doguwar ƙafar fulogi take shiga, ba a haɗa shi da komai ba, hanya ɗaya ce kawai take aiki, kuma tunkuɗowar da tsawa take haifarwa sau da yawa tana hawa wayoyin biyu ne tare tana neman ƙasa. Abin da ya fi wannan muni shi ne, faifan zai iya tura rarar zuwa wayar ƙasa ta cikin ekstenshan ɗin, ita kuma tana haɗe da jikin ƙarfen kwamfutocinka, sai ƙarfin ya rasa inda zai sauka face ta wayar firinta ko ta intanet, ko ta jikin wanda ya taɓa. Atin dai tun asali domin kare rayukan mutane aka wajabta shi, don haka ka zauna da mai ginin ku daidaita a kan yin sa, ko da za ku raba kuɗin ne.

Yin atin a Zariya yana buƙatar lura. Ƙasarmu a wurare da dama ja ce mai marmara, kuma daga watan Nuwamba zuwa Afrilu samanta yana bushewa ƙarau, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta da sauƙi. Sandar da aka kafa sama-sama za ta ba da awo mai kyau a watan Agusta, amma a ƙarshen rani ta zama kusan ba ta da amfani, kuma a daidai wannan lokacin ne hadarin farko yake zuwa da tsawa mai tsanani tun ƙasa ba ta jiƙu ba. A kafa sandar jan ƙarfe mai tsawo har ta kai ga danshi, idan ɗaya ba ta isa ba a ƙara wasu a haɗa su, a kuma ɗaure wayar da maɗauri mai ƙusa, kada a nannaɗe ta da hannu kawai. Gawayi da gishirin da aka saba zubawa a ramin suna taimakawa da farko, sai dai gishiri yana cin ƙarfe, ruwan damina kuma yana wanke shi, shi ya sa masana suka fi son yumɓun bentonait mai riƙe danshi. Kada ka yarda da atin da ba a auna shi da na'urar awo ba, kuma a yi awon da rani.

Lambobin kwali kuwa, uku ne suka cancanci ka tsaya a kansu. Akwai wadda ake rubutawa Uc, wato ƙarfin wutar da na'urar za ta zauna da shi kullum ba tare da ta motsa ba. An fi samun 275, amma a inda wuta take yawan hawa da sauka, mai 320 ya fi daɗewa, ko da yake yana barin tunkuɗowa ta ɗan ƙara hawa kafin ya danne ta. Akwai Up, wato abin da zai rage ya isa ga kayanka bayan an danne, kuma a nan ƙaramar lamba ta fi. Ka nemi wadda ba ta wuce bolt 1,500 ba. Sai lambar amfiya, wadda take nuna girman bugun da zai ɗauka. Lambar jul da ake bugawa da manyan haruffa a gaban kwali tana da ma'ana, amma kamfanoni ba sa lissafa ta ta hanya ɗaya, don haka ban cika dogara da ita wajen gwada kaya biyu ba. Abin da ya fi ba ni natsuwa shi ne in ga an ambaci ƙa'idar IEC 61643-11, da sunan kamfani da adireshinsa a rubuce sarai.

Ga mai shago irinka, ekstenshan kaɗai bai isa ba. Wannan ƙa'ida ta kasa makarai gida uku: rukuni na 1 domin ginin da ke da sandar kare tsawa ko yake fuskantar bugunta kai tsaye, rukuni na 2 a akwatin rarraba wuta, rukuni na 3 kuma a kusa da kayan, wanda shi ne na ekstenshan. Ka sa rukuni na 2 a akwatinka, irin mai amfiya 20,000 na aikin yau da kullum da 40,000 na iyaka, domin ya karya lagon bugun tun daga ƙofa, na ekstenshan kuma ya share abin da ya rage. Ka tsaya a kan mai wayarin ya gajarta wayoyin da zai haɗa shi da su, jimillarsu kada ta wuce rabin mita, saboda a irin wannan bugu mai sauri kowace mita ɗaya ta waya tana iya ƙara kimanin bolt 1,000 a kan abin da zai isa ga kaya. Makari mai tsada da aka ɗaura da doguwar waya mai lanƙwasa ya yi asarar mafi yawan amfaninsa.

Abu na ƙarshe, faifan MOV yana tsufa. Kowane bugu yana rage masa ƙwari, har ya kai ga fis ɗinsa ya yanke shi, kuma a yawancin ekstenshan wuta za ta ci gaba da zuwa kaya bayan haka kamar babu abin da ya faru. Na akwati yana da 'yar taga da take sauyawa daga kore zuwa ja, na ekstenshan kuma yana da fitilar kariya dabam da ta makunni. Ka riƙa duba su bayan kowace tsawa mai ƙarfi. Injin fotokofi kuwa a ba shi soket nasa na bango, domin yana jan wuta da yawa lokacin da yake ɗumama, kuma fulogi mai fis na amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000 ce.

TAMBAYA: Malam, ina sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, ina da firiza biyu, kowace da sitabilaizarta. Shin sai na ƙara sayen wannan makari? Daga wata 'yar kasuwa a Gyallesu.

AMSA: Malama, Allah ya sa albarka a sana'a. Sitabilaiza aikinta shi ne ta ɗaga wuta idan ta yi ƙasa, ta rage ta idan ta ɗan yi sama, ta hanyar sauya mahaɗa a jikin taransifomar da ke cikinta, kuma ƙarar ƙas-ƙas da kike ji ita ce wannan sauyawar. Kafin ta yi sauyi ɗaya, tunkuɗowa ta riga ta shiga ta wuce da daɗewa, don haka ba ta tare ta, sai dai idan an haɗa mata faifan MOV a ciki, kamar yadda wasu kamfanoni suke yi. Haka ma fis da bireka: yawan wutar da kaya suke ja suke lura da shi, kuma suna buƙatar lokaci kafin su yanke.

Sai dai a gaskiya babban abokin gabar firiza shi ne lokaren, wato raunin wuta, da kuma ɗauke wuta a mayar da ita nan take. Idan wuta ta yi rauni, kwamfireso yakan kasa tashi, ya tsaya yana gurnani yana jan wuta mai yawa har wayoyin cikinsa su yi zafi su ƙone. Idan kuma aka ɗauke aka dawo da ita cikin sakan kaɗan, iskar gas ɗin da ke cikin bututu ba ta daidaita ba tukuna, sai injin ya yi ƙoƙarin tashi a kan matsi mai nauyi. Saboda haka ki tabbatar sitabilaizarki tana da jinkirin kunnawa, ki kuma saita shi a kan dogon jinkiri na minti 3 zuwa 5, kada ki bar shi a kan na sakan kaɗan don gaggawar ƙanƙara ta yi. Idan ba ta da shi, ki sayi abin da ake kira firij gad, wanda yake yanke wuta idan ta yi ƙasa ko sama da kima, ya kuma jinkirta mayarwa. Wannan ya fi miki makarin tunkuɗowa amfani idan kuɗin ɗaya kike da shi, sai fa idan firizar ta zamani ce mai allon lantarki a ciki, wadda take buƙatar duka biyun. Ki kuma lura cewa girman sitabilaizar ya ninka abin da firizar take ci sau biyu ko uku, domin lokacin tashi kwamfireso yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci idan ya daidaita.

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu ya saba sa mu cire fulogin komai idan hadari ya taso. Yanzu na sa makari a gidana, ina kuma da sola da inbata. Shin har yanzu akwai buƙatar cirewa, ko kashe makunnin soket ya wadatar? Daga wani malamin makaranta a Wusasa.

AMSA: Malam, Baba yana da gaskiya, kuma ka ci gaba da bin umarninsa. Matsakaiciyar tsawa tana ɗauke da kimanin amfiya 30,000, wasu ma sun ninka haka sau da yawa, kuma idan ta faɗa a kan layin da ke kusa da gidanka, babu ekstenshan ɗin da zai tsaya mata. Kashe makunni bai wadatar ba, domin tazarar da ke tsakanin ƙarafansa milimita kaɗan ce, ƙarfin da ya keto sararin sama kuwa ba zai kasa tsallake ta ba. Cire fulogi daga bango shi ne kariyar da ta fi kowace, ga shi ba ta cin ko kwabo. A yi shi tun hadari yana haɗuwa, kada a bari sai tsawa ta kankama sannan a kama wayoyi da hannu. Idan kana son sanin nisanta, ka ƙirga tsakanin walƙiya da ƙarar: kowane sakan 3 kimanin kilomita ɗaya ne.

Mutane da yawa suna cire fulogin talabijin su manta da wayar dish ko ta eriya, alhali ita ce ta fito daga saman rufi ta shiga dikoda, daga dikoda kuma wata waya ta shiga talabijin. Masu gyara sun saba ganin talabijin da ɓangaren wutarta lafiya lau, amma ramin HDMI ya mutu, kuma sau da yawa ta wannan hanya ɓarnar take shigowa. A kwance wannan waya ita ma, ko a sa mata makarinta na musamman da aka haɗa da atin ɗin gidan. Sandar kare tsawa da ake kafawa a saman gini kuwa ginin take karewa daga tsagewa da gobara, kuma gidan da ke da ita ya ma fi buƙatar makari rukuni na 1 a akwatinsa, tun da wani kaso na bugun zai bi atin ya shiga wayoyin gida.

Game da sola, faifan solar da ke kan rufi da doguwar wayar da ta sauko daga gare su ƙofa ce ta biyu zuwa inbatarka, kuma makarin da ka sa a ɓangaren wutar gari bai san da ita ba. Wutar da ke fitowa daga faifan sola mai tafiya ce ta fuska ɗaya, wadda ake rubutawa DC, kuma tana buƙatar makarin da aka ƙera domin ta, mai lambar bolt da ta haura jimillar abin da faifanka suke bayarwa idan ba a ɗora musu kaya ba. Kada a sa na wutar gari a wurin, domin tartsatsin DC ba ya mutuwa da sauƙi kuma yana iya jawo gobara. Ka sa wanda ya haɗa maka solar ya ɗaura shi kusa da inbata, ya haɗa ƙarafan da faifan suke zaune a kai da atin ɗin gidan, kuma atin ɗin ya zama guda ɗaya ga sola da janareto da wutar gari baki ɗaya.